Baƙuwa da Guzurin Kawu Dikko

Sakkwato, Asabar, ƙarfe shida saura minti biyar

Baba na dawowa daga masallaci muka fito. Gari bai gama wayewa ba, tauraruwa ɗaya ce ta rage a saman dogon yaron ƙofar gidanmu, tana leƙenmu kamar ita ma tana so a rage mata hanya. Mu uku ne: ni, da Baba, da mahaifiyata da muke kira Inna. Ta huɗunmu ita ce Baƙuwa.

Baƙuwa mota ce. Shekara biyu ke nan da Baba ya saye ta, bayan ya ajiye aikin koyarwa. Gwanjo ce, doguwa, shuɗiya mai duhu kamar rinin da aka daɗe ana tsomawa, kujerunta na fata masu launin shayi da madara. An ce a ƙasar da ta fito manyan ma'aikata ake ɗauka a irinta. Sai dai ba ta shan fetur. Dizal take sha, wanda mu a nan muke ce wa gas, irin na tireloli da injin niƙa. Wannan ne ya sa Inna ta raɗa mata suna, wai baƙon da ba ya cin abincin gida.

Inna ba ta auna gyaran Baƙuwa da naira, da raguna take aunawa. Ranar da nozul ɗaya, ɗan bakin da ke fesa mai cikin injin, ya toshe aka aiko da wani daga Legas, ta ce rago guda ya tafi. Batirinta ya kusa ninka na sauran motoci girma, shi ma rago. Baƙin manta na musamman ne, a rufaffen galan. Matatar mai kuwa ba ta daɗewa, don gas ɗinmu ba ya rasa ƙura. Makaniki ɗaya Baba ya yarda da shi a duk Sakkwato, kuma da mutumin ya tafi garinsu biki, sati uku Baƙuwa ta yi a rufe da tamfol. Baba shi ma yana da tasa hujjar: ba ta taɓa ajiye shi a hanya ba, kuma in an cika mata ciki sai a manta da gidan mai.

Ana haka wani dillali ya taya ta. Ranar Juma'a da yamma Inna ta yanke hukunci, tana tsince shinkafa ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, ga sharaɗi. In ta kai mu wurin Yaya Dikko ta maido mu da ƙahwahunta, ba turi ba ja, ta zamna. In ko an ka tura ta ko taki guda na, ran Litinin dillali shi zo shi ɗauki abinai."

"Na ji, Hajiya," in ji Baba. "Allah shi kai mu."

Ni kuwa ba na son a rabu da ita. A cikinta na koyi tuƙi. A kujerarta ta baya na yi karatun jarrabawata ta ƙarshe, lokacin da gidanmu ya cika da baƙi. Kukan injinta da safe yana kama mini da dakan da ake yi a gida na uku, mai nisa, mai kwantar da rai. Wannan tafiya dai ziyarar yayan Inna ce a wani ƙauye kusa da Dandin Mahe, amma a wurina shari'a ce aka ɗora a kan taya huɗu.

Hanyar Bodinga

Baba ne ya ja mu. Mun bar gari fitilu a kunne, iskar asuba mai ɗan sanyi tana shigowa, irin wadda bazara ke bari a ɗanɗana kafin ta nuna halinta. Ƙarfe shida da kwata muka iske shinge. Wani jami'i ya haska mu, ya gaida Baba, sannan ya karkata kai yana sauraron injin.

"Baba, wannan mota ce ko tarakta ce ta sa babbar riga?"

"Yallaɓai, mota ta. Muryad dai ta gado ta."

Ya yi dariya, ya duba takardu, ya ce Allah ya tsare. Inna daga baya ta ce, "Ka ji ko? Har hukuma ta shaida."

Mun shiga Bodinga shida da minti arba'in, bayan kimanin kilomita talatin. A bakin tasha muka karya: masa mai zafi ta naira dubu, da kunun gero a leda, da ɗan yaji da mai masar ta ƙara mana kyauta don ta ce Inna ta yi kama da ƙanwar mahaifiyarta. Rana ta fito muna ci, ja wur, kamar an ɗora garwashi a kan rufin shaguna.

Daga nan sai gidan mai. Mai sayarwa ya ɗaga hannu yana nuna mana famfon fetur, Baba ya wuce shi ya zagaya baya, ya tsaya a gindin wata babbar mota mai lodin albasa. Mutumin ya biyo mu da gudu.

"Alhaji, kun yi ɓatan kai! Nan na manyan motoci na."

"Ita ma babba ta, jikin na bai nuna ba. Zuba lita goma."

Sai da ya sa hanci a bakin tankin ya shinshina kafin ya yarda. Direban babbar motar ma ya sauko, ya zagaya ta sau biyu hannu a baya, ya ce shi dai a rayuwarsa bai taɓa ganin ƙaramar mota tana bin layinsu ba. Inna ta tambayi kuɗin lita, aka faɗa, ta ce, "Uhm." Baba ya ce ai ko da ya fi fetur tsada, tafiyar da yake yi ta fi. Ta sake cewa, "Uhm." Wanda ya san Inna ya san wannan uhm ɗin ya fi doguwar huɗuba.

A nan Baba ya miƙo mini makulli.

Bodinga zuwa Shagari

Ban san ko akwai abin da ya fi tuƙi da sassafe a wannan hanya daɗi ba. Gonaki sun huta, ba komai a cikinsu sai kututturen kara. Itatuwan gawo kuwa sun yi kore shar, su da ba sa yin ganye sai kowa ya zubar da nasa. Na daɗe ina ganin gawo da Baƙuwa halinsu ɗaya, kowanne yana da nasa lokaci da nasa abinci. Mun wuce raƙuma uku da buhuna, mun tsaya wa garken shanu farare suka tsallaka a natse, wata saniya ta tsaya ta kalli kanta a gilashinmu.

"Nana, hanya a ka kallo, ba shanu ba," in ji Baba.

Inda kwalta ta yi kyau, Baƙuwa takan yi shiru ta miƙe kamar kwalekwale a ruwa kwance. Inda ramuka suke sai na bi a hankali, don cikinta kusa da ƙasa yake, kuma na san abin da ke ƙarƙashinta ma rago ne. Inna ta yi barci a baya, kanta a kan fatar da take cewa tana cinye mana dukiya. Baba ya nuna mini ita ta madubi, muka yi dariya ba sauti.

Ƙarfe takwas saura minti goma muka shiga Shagari. Mun tsaya sayen goro da sukari na tsaraba. Kafin in kashe mota sai ga wani dattijo ya fito daga wata rumfa da ke cike da injinan ban ruwa, yana goge hannu da tsumma.

"Ɗiyata, kak ki kashe. Bari in ƙara ji." Ya rufe ido. "Gas ta. Silinda shidda. Kai, na kwana biyu ban ji wagga murya ba."

Sunansa Malam Sa'idu. Ya ce ya yi shekaru a Kaduna yana gyaran irinta kafin ya dawo gida ya koma kan taraktoci da injinan niƙa. Shi da Baba suka tsaya hira kamar waɗanda suka gano kakansu ɗaya. Sai da Inna ta ƙwanƙwasa gilashi sannan suka karɓi lambar juna muka wuce.

Gidan Kawu Dikko

Bayan Dandin Mahe muka sauka daga kwalta, muka bi burji mai yashi na kusan kilomita shida. Na bi shi da giya ta biyu, ina addu'a a kowane kwari. Ƙarfe tara da kwata muka tsaya a ƙofar gidan Kawu, ba turi ba ja.

Kawu Dikko dogo ne, siriri, manomin albasa, mai dariyar da ake ji daga bayan gari. Shi ya goyi Inna tana ƙarama, har yau kuma Auta yake ce mata duk da furfurarta. Akwai wata al'ada a gidansu da ya kamata in bayyana. Ba sa miƙa wa baƙo guzuri a hannu, don kada ya ce a'a. Ɓoyewa suke yi a cikin kayansa. Sai ka koma gida ka buɗe jaka ka ga ƙullin daddawa a cikin takalminka, ko kwalbar zuma a naɗe cikin zanenka. Wanda aka kama yana ɓoyewa ya faɗi, wanda ba a kama ba ya ci. Kawu kuwa yana alfahari ba a taɓa kama shi ba.

An tarbe mu da fura da nono mai kauri, wadda cokali ke tsayawa a ciki. Da rana ta yi sanyi Kawu ya kai mu fadama. Albasa ta yi layi-layi, ganyenta ya fara kwanciya, ƙamshinta ya cika iska. Injinsa na ban ruwa ɗan ƙarami ne, ja, mai shan fetur. A cikin bukka ya nuna mana jarka biyu masu ruwan ɗorawa, cike da fetur.

"Su ad dukiyata yanzu. Ban ruwa biyu ya rage, sannan mu tone."

A hanyar dawowa ya tambayi Baba yadda motar ta yi.

"Lahiya lau, Yaya. Allurar mai dai ta ɗan yi ƙasa, amma gobe mu ƙara a Shagari."

Kawu ya gyaɗa kai, ya canja magana zuwa farashin taki. Ban lura da komai ba, ina kallon belbelu suna komawa gida. Da magariba muka ci tuwon gero da miyar sure da man shanu. Ni da Inna muka kwana a ɗakin matar Kawu, a kan gadon ƙarfe mai katifar rimi, Baba kuma a shigifa.

Lahadi, ƙarfe tara

Bayan mun karya da hoce da kunu, Kawu ya ce in ba shi makulli zai sa mana buhun albasa a but. Na ba shi. Muka shiga sallama da matan gida, wadda ba ta yiwuwa a ƙasa da rabin awa.

Da muka fito, rabin ƙauyen ya taru a ƙofar gida: liman, da mai unguwa, da maƙwabta. Kawu ya miƙo mini makulli yana murmushi har kunne. A nan na ji shi. A gida ana yi mini tsiya wai hancina ya fi hankalina aiki, don nakan tsaya shinshinar littafi kafin in karanta. Hannun Kawu ba warin albasa yake ba. Wani wari ne mai kaifi, mai saurin tashi, ba irin na gas mai nauyi da maiƙo ba. Na kalli gefen motar. Ƙarƙashin murfin tanki akwai wani ɗan layi mai ɗanshi da ya gangaro a kan ƙura. A bayan zana kuma ga jarka ɗaya mai ruwan ɗorawa a kife.

Fetur. Kawu ya ɓoye mana guzurinsa a inda ba za mu iya mayarwa ba.

Darasin farko da Baba ya koya mini, tun kafin birki, shi ne wannan. Gas yana da maiƙo, shi ke shafe famfon mai da nozuloli. Fetur busasshe ne, in ya bi ta cikinsu sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Muddin ba a murɗa makulli ba, fetur yana kwance a tanki, ba abin da ya ɓaci. Ana murɗawa kuwa, an gama. Ba rago ɗaya ba, garke ne.

Na tsaya makulli a hannu. Ni 'ya ce, ba ni da bakin da zan ce wa kawuna ya yi kuskure a gaban liman da mai unguwa. Baba kuma na san shi sarai, ya gwammace injin ya mutu a hanya da ya kunyata yayan matarsa a ƙofar gidansa. Mutum ɗaya ce za ta iya magana, ita ce kuma wadda ta fi kowa son a rabu da motar. In ta ce mu tafi kawai, kafin Shagari shari'a ta ƙare, kuma ita ta yi nasara.

"Nana, mi a ka jira?" in ji Baba.

Na ce na manta abu a jakar Inna. Na matsa kusa da ita, na sa baki a kunnenta ta cikin hijabi, na faɗa mata duka.

Ta kalli motar, ta kalli Baba da ke gyara hula yana fara'a, ta kalli yayanta. Sannan ta karɓi makullin ta ƙulle a bakin zanenta.

"Yaya, taho zaure. Na mance wata magana."

Na bi su da jakarta, na tsaya daga bakin ƙofa.

"Yaya, mi ka zuba ma motag ga?"

Kawu ya tafa hannu. "Kai! Wa yag gaya miki? Shekara talatin ba a kama ni ba!"

"Man injinka na ban ruwa?"

"Jarka guda ta, Auta. Albasa ta kusa, ta yi haƙuri. In bar ku ku tsaya sayen mai bisa hanya, kuna baƙina?"

Inna ta zauna a kan dakali, ta ja hannun rigarsa ya zauna.

"Ka tuna ɗan tunkiyar Baffanmu? Wanda ni ɗura ma jiƙaƙƙen gero ƙwarya guda, don ina ganin ya rame?"

"Wanda cikinai ya kumbura kamar ganga? Ina za ni mance shi! Ni na yini ina ba shi ruwan kanwa."

"Kuma ba ka gaya ma Baffa ba har yab bar duniya."

"To mi ya kawo wagga magana?"

"Yau rana tawa ta, Yaya. Motag ga ba ta shan hetur. Gas ta ka sha, irin na injin niƙa. In an ka tashe ta yanzu, ta mutu."

Kawu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na ga kunnuwansa sun motsa.

"An tashe ta?"

"A'a. Ɗiyarka ta ji wari."

"Alhamdu lillahi." Inna ta ce za ta fita ta ce ita ce ta fasa tafiya sai la'asar, in mutane sun watse sai a gyara a ɓoye. Kawu ya mayar da hularsa ya miƙe. "A'a. Wanda yay yi ɓarna da rana ba ya gyara ta cikin duhu."

Ya fita yana dariya tun kafin ya fara magana.

"Jama'a, ku taho ku ga tsohon banza! Na ba motar surukina hetur, ashe abincin tarakta ta ka ci! Jiki na gwamna, ciki na injin niƙa!"

Wuri ya kaure da dariya da salati. Mai unguwa ya rantse shi ma da abin da zai zuba ke nan. Liman ya ce ai ko shi bai taɓa jin ƙaramar mota mai shan gas ba. Baba ya gane abin da ya faru, ya matso kusa. Sannan ya kama hannun Kawu da hannu biyu.

"Yaya, ka hana ma albasarka ka ba mu. Wannan ya hi mai."

Aikin Malam Sa'idu

Baba ya kira shi a waya. Ƙarfe goma da minti ashirin ya iso a kan babur, da tiyo a wuya da jakar sifanu. Tambayarsa ta farko ita ce ko an murɗa makulli. Da aka ce a'a, ya ce to wanda ya hana a ba shi goro.

Sai ya dubi wurin. Taku kaɗan daga motar wata maƙwabciya tana tuyar ƙosai a kan murhu.

"Ba ni buɗe tankin hetur kusa da wuta. A tura ta gindin gawon can."

A tura ta. Na kalli Baba, Baba ya kalli Inna. Babu wanda ya san da sharaɗin sai mu uku. Baba ya buɗe baki zai ce ko a roƙi mai ƙosai ta kashe wutarta, sai Inna ta riga shi.

"A hana ma baiwar Allah sana'a don mota? Ku tura mana, mi ku ka jira?"

Ta naɗe hijabinta, ta dafa but da hannunta biyu, tsakanin Kawu da mai unguwa. Na cire giya, aka tura. Taku goma sha biyu ne, na ƙirga su, kowanne yana taka mini zuciya.

Malam Sa'idu ya ɗaga kujerar baya, ya kwance wani murfi da ban taɓa sanin yana nan ba duk zaman da na yi a kansa. Ya zura tiyo ya zuƙe tankin tas cikin jarkoki, ya sa farin ƙyalle ya goge ƙasansa har sau uku. Yana aiki yana magana.

"Wagga mota ba ta da mugunta, Hajiya, tsada ag gare ta. Abu ukku ta ka so: gas mai tsabta, baƙin mai kan lokaci, matata sabuwa. In kun ba ta, ta binne motoci biyar. In kun yi mata rowa sau guda, ta rama sau goma. Wanda ba ya da haƙuri kak shi saye ta."

"Wanda ba ya da raguna dai," in ji Inna.

Man da aka zuƙo bai tafi a banza ba. Da yake fetur ya fi yawa a ciki, Malam Sa'idu ya ce Kawu ya riƙa haɗa kaɗan-kaɗan da na ɗaya jarkar yana ba tsohon injinsa, zai yi hayaƙi ya yi tari amma zai ja ruwa. Gas kuwa Kawu ya rantse shi zai kawo. Mai injin niƙan ƙauyen ya ce yana da shi a duro, Malam Sa'idu ya ce a'a, wannan gimbiya ba ta shan na duro. Kawu ya hau bayan babur ɗin Malam Sa'idu da sabuwar jarka, babbar rigarsa tana kaɗawa, suka tafi gidan mai suka dawo. Ta cikin ƙyalle aka tace shi.

Ƙarfe ɗaya saura minti ashirin Inna ta kwance bakin zanenta ta ba ni makulli. Na yi bisimilla na murɗa. Ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu, sannan dakan nan na gida na uku ya dawo, daidai, ba gargada. Matan gida suka rangaɗa guɗa. Da Baba ya sallami Malam Sa'idu, Inna ta leƙa ta ga abin da aka ba shi, ta ce, "Wannan ko zakara bai kai ba."

Komawa gida

Mun yi azahar, mun ci dambu, mun tashi biyu da kwata. Uku saura muka sauke godiya a rumfar Malam Sa'idu a Shagari, muka ƙara mai a layin manyan motoci. Rana ta yi zafi, na'urar sanyi tana aiki, amma motar shiru kamar ɗakin jarrabawa. A Bodinga muka yi la'asar. Da muka koma mota Baba ya gyara murya.

"Hajiya, alkawari kaya na. An tura ta, da idona na gani. Gobe in kira dillali."

Inna tana ɓare gyaɗa. Ko uhm ɗin ma ba ta yi ba. Na tuƙa sauran hanyar a hankali fiye da kullum, ina yi wa kowane abu kallon bankwana: sitiyarin da ya goge a inda hannun wani Bature da na Baba da nawa suka riƙe, da ɗan tsagin da ke jikin madubi.

Ƙarfe biyar da minti goma muka tsaya a gindin dogon yaronmu. Muna sauke albasa Inna ta shige gida. Sai ga ta ta fito da gwangwanin farin fentin da ya rage na ƙofa, da alƙalamin kara na allonta.

"Nana, buɗe min murhin tankin."

Ta tsuguna, ta tsoma alƙalami, ta rubuta da ajami a jikin murfin daga ciki, kusa da ɗan rubutun Turawa da motar ta zo da shi, baƙi bayan baƙi, da kyakkyawan hannunta: gas kaɗai. Ta miƙo mini ta ce in sa na boko a ƙasa.

"Wancan rubutun na Turawa wa ka iya karanta shi a ƙauye? In mun koma da kaka, kowa shi gani."

Baba ya tsaya da buhu a hannu. "Hajiya, da kaka? To turin fa?"

"Turin da hannuna ke ciki ba turi ba na, rakiya ta." Ta rufe gwangwanin. "Amma ka ji, Malam: rago na gaba, daga garkenka."

Baba ba shi da garke, ko akuya ba shi da ita, amma ya ce ya yarda.

Da na ɗaga shimfiɗar but don in kakkaɓe ɓawon albasa, sai ga kwalbar man shanu a naɗe cikin tsumma, an cusa ta a tsakiyar tayar safaya. Ban san lokacin da Kawu ya sa ta ba, ko da safe ne ko ana tsakiyar hayaniya. Na ɗaga ta sama, Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce a kira shi a gaya masa wannan karon ya ci.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Sa'idu da kunnensa da farin ƙyallensa, da mutanen ƙauyen Kawu da suka ba mu kafaɗa. Kawu Dikko, Allah ya sa albasa ta yi kai, ya mayar maka da jarkarka ninki. Inna kuwa ban yi mata godiya da baki ba, don ba ta so. Da safe dai na ga ta fito da tsumma, tana goge ɗigon fentin da ya ɓata gefen Baƙuwa.